Hasken da Ya Kauce wa Gicciye da Taku Huɗu

Zuwa ga Malam Nababa, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Malam, don girman Allah ka taimake ni, ka daure ka karanta wannan har ƙarshe ko da ta yi tsawo. Ni ba ma'abocin rubutu ba ne, cokalin gini da siminti na sani, kuma abin da ke cina ba ni da wanda zan iya faɗa wa a garin nan. Ko mai ɗakina ban gaya mata ba. Tana dai ganin ina ture kwanon tuwo, ta ɗauka hawan jinin ne ya motsa, har ta fara rage gishiri a miya.

Ni magini ne a Lafiya, shekaruna hamsin da takwas. Gado na yi, domin da ginin masallatai aka san mahaifina, ni ma a nan na tashi. Daga cikin gari zuwa Adogi zuwa Arikya, masallatan da na ja igiyar tushensu sun haura ashirin. Ba cika baki ba, idan na tsaya a fili na miƙa hannu na ce nan ce alƙibla, a kawo kamfas a gwada, da wuya a sami bambanci. Abin da nake taƙama da shi ke nan a duniya, kuma shi ne ya ja mini wannan.

Shekara uku da suka wuce Fada Aondofa, wanda ke kula da wani cocin Katolika a wani ƙauye gaba da Assakio, ya aiko a kira ni. Tsohon cocinsu na laka ne, ya yi musu kaɗan, suna son sabo. Shugaban kwamitinsu, wani dattijo Norbert, bai so a ɗauki Musulmi ba, bai kuma ɓoye ba. Fada ya ce shi ya ga aikina a wata makaranta, bango miƙaƙƙe yake nema, ya tsaya kai da fata sai da aka ba ni. Ni ma na sha tsegumi a majalisarmu, na toshe kunnena.

Wadda ta zana ginin sunanta Hembadoon, 'yar Tibi ce, sa'ar 'yata Yusra. A wurin aiki Injiniya muke ce mata, ita kuma Baba take ce mini, ba ta taɓa miƙo mini takarda da hannu ɗaya ba. Ranar da ta shimfiɗa zanen a gabana, wallahi dariya na danne. Babu taga ko ɗaya a inda mutane ke sa taga. Rufin bai zauna a kan bango ba, yana tsaye a kan ginshiƙai an bar tsakani. Na ce a raina karatu ya yi wa yarinya yawa, za mu gina wa bayin Allah rumbu su shiga su dahu.

Malam, ashe ni ne ban sani ba. Ka zo ka shiga ginin nan da azahar a watan Maris, lokacin da zafin Lafiya ke hana akuya fitowa daga ƙarƙashin mota. Babu ƙwan lantarki a kunne, babu fanka, amma za ka ga tsohuwa tana karanta littafin waƙarta ba ta kai shi kusa da hanci ba. Jan bulon da muka ƙona da ƙasar wurin, ta sa muka jera shi a bangon kudu da na arewa a ɗan karkace, da 'yar kafa tsakanin kowane biyu, yadda iska za ta wuce, haske ya shigo, amma ita ranar kanta ba ta samun hanyar dukan mutum. Tsakanin rufi da bango kuwa siririn haske ne ya zagaye ginin gaba ɗaya. Mu da muka ɗora rufin mun san nauyinsa, amma idan ka ɗaga kai sai ka rantse babu abin da ke riƙe da shi. Ciki an shafe shi da farar ƙasa, ita ke karɓar hasken tana rabawa, har ba ka iya nuna inda ya fito. Na yi shekara talatin da wani abu ina gina akwati, in gama in fasa masa ramuka in kira su tagogi. Ita yarinyar nan sai ta fara sanin inda take son haske ya zauna, sannan ta kewaye shi da bango. Akwai ranar da leburori suka tashi, na zauna a kan buhun siminti ina kallon ɗigon haske yana tafiya a daɓe, har la'asar ta kusa kufce mini.

Amma abin da ta fi ji da shi a zanen daban ne. Ƙofar cocin gabas take kallo, kuma can sama da ƙofar, a dogon bango, ta bar wata tsaga da faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba. Ta yi lissafin cewa ranar goma sha tara ga Maris, ranar da suke tunawa da Yusufu kafinta wanda aka sa wa cocin sunansa, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, rana za ta leƙo ta tsagar nan, hasken ya bi ta saman kawunan jama'a tsawon ginin, ya sauka a kan gicciyen da ke bangon yamma. Duk wannan ya rataya ne a kan turaku biyu na rodi da ta kafa da hannunta tun filin yana ciyawa, ɗaya a yamma, ɗaya a gabas. Ta ce daga igiyar da ke tsakaninsu za a auna komai, kada a taɓa su. Na ce na ji.

Washegari aka kira ta Makurdi, an kwantar da mahaifiyarta a asibiti. A kwana na uku aka tafka ruwa, tifar yashi ta zo tana ribas ta taka turken gabas, ta kafe a wurin, sai da aka yi ta turawa. Kafin ta fita wurin ya zama kunun laka, ko ramin turken babu. Masu haƙa tushe goma sha biyu suna tsaye da diga suna kallona. Ina da lambarta a waya. Na gaya wa kaina ai bai kamata a dami mai jinya ba. To, tunda gaskiya na zo faɗa, akwai kuma wannan: ban so a ga tsohon magini yana buga wa sa'ar 'yarsa waya yana tambayar inda zai kafa turke. Na tsaya a turken yamma, na miƙa hannu, na ce a buga a can. Ka san alƙiblarmu a nan ba gabas sak ba ce, tana karkata wajen arewa. Hannun da ya shekara talatin yana nuna ta sai ya ɗan ja hagu yadda ya saba, ni ban ma ji ya ja ba.

Ta dawo bayan mako biyu, mun riga mun zuba kankare. Ta auna tsawo, ta auna faɗi, ta auna kusurwa zuwa kusurwa, komai cif, har ta yaba mini. Ba ta sake duba inda ginin ya fuskanta ba, domin ta ga turaku biyu a tsaye, kuma ta yarda da ni. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga fili ne fetal, ko an ɗan goce me zai ɓaci? Na haɗiye.

Bana aka gama. Fada ya yi watanni yana gaya wa jama'arsa abin da za su gani ranar goma sha tara. An zo daga ƙauyuka, matan zumunta sun yi anko, ni ma an gayyace ni, na tsaya daga baya kusa da ƙofa. Bakwai da minti goma aka tsayar da waƙa, aka yi tsit. Sai ga shi ya shigo. Kai, Malam! Hayaƙin turarensu ya kama shi, ka gan shi miƙe sambal a saman kawunan mutane, tsigar jikina ta tashi. Ya tafi, ya tafi, ya sauka a kan farin bango, taku huɗu dama da gicciyen, kusa da ƙofar da Fada ke shiga ya canza kaya. Aka jira ko zai matso. Bai matso ba, ya sauka ƙasa ya ɓace. Wani ya yi dariya a baya, wata ta yi tsaki. Na juya na dubi waje ta ƙofa, sai ga bishiyar ɗorawa a gabana sak, alhali ranar da Injiniya ta ja igiyarta ina tsaye, ɗorawar nan tana hagu da layi. A nan na gane turken da na buga ne.

Injiniya ma ta auna daga baya ta gano ginin ya juya. Ta tsaya gaban kwamiti ta ce ita ta kafa turakun da hannunta, don haka kuskurenta ne, wataƙila tulin rodin da ke kusa ne ya ruɗa mata kamfas. Norbert ya ce dama ya faɗa tun farko, aiki irin wannan ba na yarinya ba ne. Ranar Lahadin farko ta watan Mayu za su zauna su yanke wanda zai zana makarantar da za a gina a gefen cocin, wadda da ita aka yi wa alkawari. Wani cocin da ya fara nemanta ma ya yi shiru.

Na kasa zama. Na riƙa hawa babur da sassafe ina zuwa, wai duba tsagewar filasta. Wajen mako uku bayan bikin, wata Talata, babu kowa sai Fada da tsofaffi mata uku, hasken ya shigo ya hau gicciyen nan daidai, katakon ya yi ja kamar garwashi. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta fashe da kuka. Ni ba addinina ba ne, ban kuma je don ibada ba, amma na ga abin da yarinyar nan ta shirya wa mutum dubu, na kuma san ni na hana su gani.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne shekaranjiya Injiniya ta zo gidana da doya biyu. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida mai ɗakina, sannan ta nemi in yafe mata, wai ta ɓata mini aiki mai tsabta da lissafinta. Ta ce yanzu idan ta ɗauki abin awo ba ta yarda da hannunta, tana tunanin barin zane ta nemi aikin ofis a Makurdi. Ka san abin da na ce mata? Na ce ba komai, haka Allah ya ƙaddara. Na raka ta bakin titi, na dawo na rufe ɗaki. Ban taɓa jin na raina kaina irin ranar ba.

Za ka ce in je in faɗa. To ga abin da ke riƙe ni. Ka san ƙasarmu, ka san yadda magana ke tafiya. Kafin ta kai kasuwar Assakio ta zama Musulmi ya juya coci alƙibla da gangan. Masu ibadar ma baya suke ba gabas, amma wa zai tsaya ya saurari wannan? Fada da ya tsaya mini zai ji kunya, Norbert zai ce ai ya faɗa, kuma ina tsoron abin ya wuce kaina ya taɓa mutanen da ba ruwansu. In na yi shiru kuwa, yarinyar da ta koya mini abin da ban sani ba a sana'ata za ta ajiye zane saboda ni. Lahadin ta matso. Don Allah ka canza sunaye, ka gaya mini yadda zan yi.

Naka,
Magini daga Lafiya

*

Wa alaikumus salam, Baba Magini.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko don matsalar, na biyu don ginin. Ka sa ina son in hau mota in je in ga wannan coci da idona, kuma mutumin da zai iya yabon aikin sa'ar 'yarsa haka, a addinin da ba nasa ba, ba mugu ba ne. Na faɗi wannan da farko domin sauran maganar ba mai daɗi ba ce.

Tifa ta taka turke, wannan tsautsayi ne. Hannunka ya ja hagu, wannan sabo ne, babu mai hankalin da zai kama ka da shi. Laifinka yana wurin wayar da ba ka buga ba, da bakin da ka buɗe ka rufe ranar da ta dawo. Mafi nauyi kuma shi ne na shekaranjiya, da ta durƙusa a tsakar gidanka ka karɓi ban haƙurin da kai ya kamata ka bayar, ka kuma jingina wa ƙaddara. Kai ma ka sani, shi ya sa tuwo ya ƙi wucewa.

Tsoronka ba na banza ba ne, ba zan ce maka babu komai ba. Ni ma a ƙasar nan nake, na ga ƙaramar magana ta girma a bakin waɗanda ba su je wurin ba. Amma ka duba ta ɗaya gefen. Mutum goma sha biyu ne suka ga an sake buga turken nan, ga direban tifa. Yau ba su haɗa shi da hasken ba, wata rana ɗayansu zai haɗa, a wurin mai shayi ko a tasha. Ranar da maganar ta fito daga bakin wani, bayan ka bar yarinya ta ɗauki laifin, ranar ce za ta yi kama da makirci, kuma ba ka da abin kare kanka. Mai niyyar ɓarna ba ya kai kansa bayan an riga an ɗora wa wani. Zuwanka da ƙafarka shi ne babbar shaidarka, kuma kullum ka jinkirta tana rage ƙarfi.

Ka fara da mai ɗakinka yau ɗin nan. Ta cancanci sanin abin da ke damun mijinta, kuma za ka buƙaci wanda zai raka ka. Gobe ku je wurin Hembadoon ku biyu, kada ka aika, kada ka yi ta waya. Ka ba ta labarin yadda ka ba ni, da tifar, da masu diga suna kallonka, da girman kan da ya hana ka kira, da ɗorawar. Kada ka rage, kada kuma ka yi ta kuka har ta koma ita ke rarrashinka. Gaskiya ne ita ma da ta sake duba fuskar ginin kafin a ɗora bulo da an kama abin da wuri, amma wannan ba daga bakinka zai fito ba, ita ta san aikinta. Idan ta yi fushi, ta tashi ta bar ka zaune, ka zauna. Tana da haƙƙin wannan fushin, ba lallai ta yafe a ranar ba.

Daga nan sai Fada Aondofa, kafin Lahadi, ba a bakin ƙofar taro ba. Shi ma ka gaya masa duka, har da maganar alƙiblar. Mutumin da ya tsaya maka a gaban kwamitinsa ya fi son ya ji daga gare ka, kuma shi ya san jama'arsa, ya san yadda zai ajiye maganar a gabansu. Abin da kwamiti ke buƙata don su yi adalci gajere ne: turke ya faɗi, magini ya mayar da shi da ido bai sanar ba, lissafin mai zane daidai yake. Ka roƙi a bar ka ka tsaya ka faɗi haka da bakinka. Idan an tambaye ka dalilin da ya sa ya karkata inda ya karkata, kada ka yi ƙarya. Norbert zai faɗi abin da zai faɗa, ka ji ka haɗiye, a wannan karon yana da abin kamawa. Mai yiwuwa ba za a sake ba ka aiki a can ba. Ka shirya wa hakan tun daga gida.

Batun gyara kuwa, gini ba ya juyuwa, amma tsaga tana gyaruwa, gicciye ma yana matsawa. Ka ce mata hannunka da cokalinka suna nan duk abin da ta yanke, ko da ta ce a bar shi yadda yake. Kada ka ba da shawarar yadda za a yi sai ta tambaye ka.

Na canza sunaye kamar yadda ka roƙa, amma coci nawa ne a ƙasar Lafiya aka taru ana jiran haske? Duk wanda ya je ranar zai gane. Shi ya sa na turo maka wannan amsa kai tsaye, wasiƙarka kuwa tana cikin aljihun teburina. Ba za ta hau shafin jarida ba sai ranar da ka aiko mini cewa ka je, kuma Hembadoon da Fada sun amince a buga. Ina fatan in buga ta.

Baba, yarinyar nan tana kwana tana tashi da tunanin hannunta ne ya yaudare ta, kuma kai kaɗai ka san bai yi ba. Ka tashi ka je ka gaya mata. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya tata, ya tsare garinku da fitina, ya sa ta daɗe tana zane.

Malam Nababa